Amsar Tsohuwar Tambaya

Wasu daga cikinku sun ce na cika kuka a labarin nan. Wata 'yar'uwa har ta rubuto mini wai idan hawayena sun ƙare in yi magana ta aiko mini da nata. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma yau ma sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan faɗa muku, ni da ya faru a kaina har yanzu bai sake ni ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, bari in ɗan koma baya. Ni ɗaliba ce, ina shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta. A shekarata ta farko darussa biyu ne suka kusa mayar da ni gida, ƙididdiga da rubuta manhaja. Gwajin farko na ƙididdiga sifili na ci. Ba kusa da sifili ba, shi kansa, zagayayye, har malamar ta ja masa layi a ƙasa da jan biro kamar abin a yi mini barka. Wata ƙawata ce ta ja ni zuwa wani ɗan ɗaki a saman shagon masu gyaran waya, inda wani saurayi yake koya wa irinmu darasi da yamma. Kujerun roba, farin allo mai tsagewa a gefe, da fanka da ke kuka kamar an hana ta abinci. Ya karɓi takardata ya duba, ya ɗago ya dube ni.

"Wannan ai ba faɗuwa ba ce," ya ce. "Wanda ya ci sifili bai ma fara ba tukuna. Samu wuri ki zauna, Sifili."

Sunan ya bi ni. Ni kuma nake ce masa Malam, har bayan da ya wuce malami a wurina.

Ba ya dogon bayani. Tambayoyi yake rubutawa da hannunsa, ya ɗauki hoto ya turo mana kowace safiya, ɗaya ta ƙididdiga, ɗaya ta manhaja. Idan mun haɗu da yamma sai ya warware su a allo. Shi ya ce mini matsakaici ba wani dodo ba ne, a tara ne a raba daidai, kamar uwa mai adalci tana rabon nama. Shi ya ce mini abin da masu manhaja suke kira aji kamar zanen da tela yake yankawa ne a takarda, kowace rigar da aka ɗinka da shi kuma ita ce abu. Zane ɗaya, riguna barkatai, kowace da launinta. Ranar da ya zo kan gado, yadda wani aji yake gadon siffofin wani, na ɗaga hannu na ce, "Malam, har mugun hali ake gada?"

"Har shi," ya ce, ko murmushi bai yi ba. "Shi ya sa ake gyara uwar kafin a gina 'yar."

Kowa tambaya biyu yake samu. Ni wata safiya na ga tawa ta zama uku. Ta ukun ta ce: "Mene ne yiwuwar ki ɗaga wayata idan na kira bayan darasi?" Na rubuta masa, "Rabi da rabi." Ya dawo da, "Ba a karɓar amsa sai an nuna yadda aka yi aikin."

Daga nan kun san sauran. Ya zo ya gaida Baba, manya suka zauna, aka ce a bari in gama karatu.

Sai ranar da aka tashi da ruwan sama. Yana kan babur, wata mota ta taka burki a gabansa, tayarsa ta zame, kansa ya bugi bakin kwalbati. Ba zan sake ba ku labarin zaman asibiti ba, sau ɗaya ya ishe ni. Ya farka ya gane kowa. Ya gane Ummansa, ya gane ni, har ya tambaye ni ko na ci abinci. Ƙafarsa ta dama tana ɗan ja, amma yana takawa. Muka yi ta godiya ga Allah. Sai wata rana nas ta tambaye shi ƙarfe nawa, ya daɗe yana kallon agogon bango, can ya ce mata agogon ya lalace. Agogon nan lafiyarsa ƙalau.

Likita ya ce bugun ya taɓa wurin da ke riƙe lissafi a ƙwaƙwalwa. Magana tana nan, hankali yana nan, amma lambobi da alamomi sun watse masa. Ya ce wasu abin yana dawo musu, wasu ba ya dawowa, kuma babu abin da ke taimakawa kamar a riƙa gwadawa kullum, kaɗan-kaɗan.

Ni kuwa tambayoyinsa suna nan kaf a wayata, ban taɓa goge ko ɗaya ba. Na koma can farkon hirarmu, na riƙa duba hotunan ina sake buga su da yatsana don rubutun ya fito masa sarai, ina tura masa kowace safiya kamar yadda ya yi mini. Da farko shiru. Wani lokaci ya rubuto, "Na gaji." Wani lokaci, "Gobe." Ban fasa ba.

A gida kuma an fara magana ƙasa-ƙasa.

Goggo, ƙanwar Baba, ta zo wata Asabar cikin sabon mayafi ruwan ƙwai mai duwatsu a baki, ƙamshin turarenta ya riga ta shiga falo. Ina ɗakin Mama ina ninke wanki ta shigo, ta zauna a bakin gado, ta ɗauki wata rigata tana jujjuyawa kamar ita ta zo gani.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Goggo."

"Sauƙi irin na tashi a nemi na tuwo, ko sauƙi irin na a je a gaishe shi?"

Mama ta ce, "Haba dai."

"Ni fa gaskiya nake faɗa. Da ƙafa ce kawai, sai a ce ya zauna ya yi aikinsa a zaune. To mutum da kansa yake ci, kan kuma ya taɓu."

"Kansa bai taɓu ba, Goggo," na ce. "Lissafi ne kawai ya ɓace masa."

"To da can da me yake ci? Da waƙa?"

Na ci gaba da ninke zanen gadon da na riga na ninke.

Daga nan ta kawo maganar mai kemis ɗin bakin titinmu, wai ya tare ta ya yi mata tambaya a kaina cikin ladabi. Kada ku zata zan zage shi. Mutumin kirki ne, shi yake ajiye wa Baba maganin hawan jini idan ya yi wuyar samu, bai taɓa yi mini kallon banza ba. Wannan ne ma abin haushin. Da mugu ne da na samu abin faɗa.

Bayan tafiyarta Mama ta rufe ƙofa, ta zauna inda Goggo ta tashi.

"Ban ce ki rabu da shi ba," ta ce. "Cewa na yi ki buɗe idonki. Ni na yi jinyar mahaifina har Allah ya karɓi abinsa, na san abin da jinya take yi wa mace. So yana nan ba ya zuwa ko'ina, jiki ne yake gajiya. Ranar da jiki ya gaji, sai ki riƙa jin kunyar kanki."

Baba shi bai cika magana ba. Da abin ya kai kunnensa cewa ya yi, "Na ba yaron nan magana, kuma ba na janye magana don mutum ya kwanta ciwo. Amma ba zan ɗauki 'yata in kai ta inda ban san me ke gaba ba. A bari mu ga inda sauƙin ya nufa."

Ana cikin haka, wata safiya ina goge baki, waya ta yi ƙara. Amsa ce. Cikakkiya, daidai, har da yadda aka yi aikin. Na kira shi da kumfa a bakina ina dariya ina kuka, shi kuma yana cewa, "Ke, ki je ki kurkure bakinki tukuna." Washegari wata ta zo. Wanshekare ma haka. Ƙididdiga daidai, manhaja daidai, layi-layi a tsare irin nasa.

Amsoshin nan suka zama makamina. Kullum wajen shan shayi sai na miƙa wa Baba wayar. Ya sa tabarau, ya nisanta ta da fuskarsa, ya bi layukan manhajar da ido alhali na san ko kalma ɗaya ba ya ganewa.

"Wannan duk shi ya rubuta?"

"Shi ne, Baba."

"To madalla. Allah ya ƙara sauƙi."

Da Goggo ta sake kawo maganar mai kemis, a gabana Baba ya ce mata a rufe wannan babin. Ranar har rawa na taka a ɗakina, ni kaɗai, da ƙofa a kulle.

Yanzu ga abin da ya kawo ni yau.

Ranar Talata na tura masa wannan: "Ɗalibai biyar sun ci maki kamar haka a gwaji: 12, 15, 9, 18, 16. Nemo matsakaicin makinsu."

Ina zaune a ɗakin lacca, malami bai shigo ba, amsa ta iso: "Idan an tara, 60. A raba biyar, 12."

Na tura masa hoton zuciya har guda uku. Sai kuma halin da shi ya koya mini ya motsa, wai kada in taɓa yarda da amsa, ko tasa ce, sai na bi ta da kaina. Na juya bayan littafina na tara. Saba'in na samu. Na sake tarawa, saba'in. A raba biyar, sha huɗu.

Na ce to kuskure ya yi, ai mai koyo yana kuskure, har na ji wani daɗi-daɗi don kuskure ma alamar ƙoƙari ce. Amma sittin ɗin nan ta tsaya mini a rai. Daga ina ta fito? Na koma can baya na nemo hoton tambayar ta asali, da rubutun hannunsa mai karkata. Lambar ƙarshe shida ce, ba sha shida ba. Yatsana ne ya ƙara ɗaya a gabanta wajen bugawa. Da shida, jimla sittin ce cif, matsakaici sha biyu.

Ba tambayar da na tura ya amsa ba. Tsohuwar ya amsa.

Malami ya shigo, ya yi laccarsa ya fita, ban ji ko kalma ɗaya ba. Duk hanyar gida ina ba kaina haƙuri. Ƙila idonsa ne ya tsallake ɗayan. Ƙila ya tuna tambayar ne, ai shi ya rubuta ta, kuma tunawa ma ai ci gaba ne. Kun san yadda zuciya take idan ba ta son ganin abu.

Washegari na yi abin da ban so ba, na gwada shi da gangan. Akwai wata tambayar manhaja da ya taɓa ba mu: "Gina aji mai suna Mota, mai launi da gudu. Sannan gina ajin Babbar Mota da zai gaji Mota, ya ƙara da nauyin kaya." Na bar farkon yadda yake, na canza ƙarshen. Na ce ajin Motar Kashe Gobara, ya ƙara da tankin ruwa. Na tura, na kife wayar a kan gado, na je na wanke kwanukan da ba ni ce da wankinsu ba.

Da na dawo amsa tana jira. Babbar Mota. Nauyin kaya. Babu gobara, babu ruwa. A tsakiyar layukan kuma ga wani ɗan rubutu da ya saka wa 'yan ajinmu tun wancan lokacin, wanda na manta da shi sam: "A kula da waƙafi a ƙarshen layi. Sifili, da ke nake."

Na zauna a ƙasa, bayana jingine da gado, na karanta layin nan har ya daina zama kalmomi.

Bayan azahar na shirya. Na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda ya taɓa cewa tana sa ni kama da shugabar makaranta, na yafa baƙin mayafi. Ban shafa komai a fuska ba sai kwalli, shi ma daga baya na yi da-na-sanin sa shi. Na ce wa Mama zan je dubiya. Ta bi ni da kallo har ƙofa.

Gidansu yana bayan wani gidan burodi, ƙamshin yana shiga har falo. Ummansa ce ta buɗe mini, hannunta jiƙe da ruwan wanki. Ta yi mini sannu da zuwa, ta leƙa ta ce masa ga baƙuwa, ta bar ƙofar falon a buɗe ta koma tsakar gida.

Yana zaune a doguwar kujera, cikin farar riga da ta yi masa yawa yanzu, da hula da ya ja ta rufe tabon da ke saman kunnensa. Kwamfutarsa tana kan tebur a rufe. Farin allon nan na ɗakin darasi an dawo da shi gida, an jingine shi a lungu, fuskarsa tana kallon bango.

"Shugabar makaranta da kanta," ya ce yana murmushi. "Laifin me muka yi?"

Na gaishe shi, na tambayi jiki. Sannan na ciro takarda da biro daga jakata, na rubuta lambobi uku manya-manya: 2, 4, 6. Na tura gabansa.

"Nemo mini matsakaici, Malam."

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Yanzu har gida ake biyo mutum da jarrabawa?"

"Guda ɗaya ce."

"Bari in turo miki anjima. Kaina yana ɗan sara."

"Zan jira."

Murmushin ya tafi a hankali. Ya ɗauki biron. Na ga yadda ya riƙe shi, irin riƙon da yake yi a da idan zai ja layi a ƙarƙashin kuskurena. Bakin biron ya sauka kusa da lambar farko, ya tashi, ya koma ta biyu. A waje ina jin Umma tana matse wanki, ruwa yana zuba a bokiti. Wani yana ta danna ƙahon mota a titi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Ya ɗora yatsa a kan shida. "Wannan," ya ce a hankali, "na san ta. Na san na san ta. Kamar ki haɗu da wanda kuka yi makaranta tare, fuskar tana nan, sunan ya ƙi zuwa."

Ya ajiye biron.

"Yaushe kika gane?"

"Jiya. Na yi kuskuren buga lamba, ka ba ni amsar da."

Ya gyaɗa kai, har ya ɗan yi dariya marar sauti. "Kin bi amsar da kanki."

"Kai ka ce in riƙa bi."

"Ni na ce." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Duk suna cikin kwamfutar, tambayoyin da amsoshinsu. Kalmomin farko nake karantawa, idan na gane wacce ce sai in nemo in kwafo. Idan layi ya yi tsawo ƙarshensa narkewa yake yi mini."

"Me ya sa, Malam?"

Ya juya ya dubi kwamfutar da ke kan tebur.

"Ranar farko ba da niyya na yi ba. Na buɗe ne in ga ko zan tuna yadda na yi, na zauna a gabanta har rana ta yi sama, ban gane komai ba. Rubutuna ne, amma kamar na wani. Sai kawai na turo miki. Kika kira ni kina dariya." Ya dubi hannuwansa. "Na manta rabon da in ji dariyar nan. Tun daga asibiti da muryar dubiya kike yi mini magana. Sai na sake washegari. Da na ji kina nuna wa Baba na so in daina, kullum sai in ce gobe."

Kwallin da na sa ya fara bin kumatuna. Na goge da bakin mayafi, na ƙara ɓata shi.

"Da ka ce mini ba ka iya ba, da sai mu fara daga ɗaya. Ɗaya, biyu, uku, da ƙwayar wake ma in ta kama. Ni da na zo maka da sifili ka kore ni?"

"Ke ba ki taɓa iyawa ba ne lokacin. Ni na iya." Muryarsa ba ta tashi ba, amma ta yi kauri. "Ba ki san abin ba. A mafarki ina rubuta manhaja, tana tafiya sumul, har ina gyara wa ɗalibai. In farka in buɗe ido, babu. Kowace safiya sai an sake ƙwace mini."

Na sunkuyar da kai ina kallon biron da ya ajiye.

"Na ji labarin mai kemis," ya ce.

"Wa ya faɗa maka?"

"Unguwa ce. Mutumin kirki ne."

"Kada ka soma."

"To na bari." Ya jingina da kujera, ya kalli silin. "Amma ina da tambaya ɗaya, kuma ke kaɗai zan yi wa. Ranar da za a sallame ni, na tambayi likita cikin mutum goma masu irin ciwona nawa ne abin yake dawo musu sosai. Ya faɗi wata lamba. Na ce masa na gode. Har yau ban san ko mai yawa ce ko kaɗan ba." Ya juyo ya dube ni. "Kina wurin. Kin ji ta. Mai yawa ce?"

'Yan'uwa, ku gaya mini, me za ku ce? Uku likitan ya ce. Na ji ta sarai, na haɗiye ta, ko Mama ban faɗa wa ba. Yanzu ga ni na zo har gida na kama shi da ɓoye gaskiya, ga shi yana roƙona ita.

"Ba ta da yawa, Malam," na ce. "Amma akwai su. Mutane ne, suna nan suna yawo a gari."

Ya gyaɗa kai kamar ɗalibi ya ba shi amsar da yake tsammani.

"Na gode," ya ce. "Tafi gida, yamma ta yi."

"Gobe zan dawo, da wake na."

Ya ɗauki takardar nan mai lambobi uku, ya ninke ta, ya sa a aljihun rigarsa.

A bakin ƙofa Umma ta riƙo hannuna. Ta dubi fuskata da kwallin da ya dame, ta ce, "Kin gani ko?"

"Umma, kin sani?"

"Ni ban iya karatunku ba, 'yata. Amma ni na haife shi. Mai samun sauƙi ba ya wuni yana kallon bango."

Ban hau mota ba, da ƙafa na tako. Na bi ta gaban shagon masu gyaran waya, na ɗaga kai na ga tagar ɗakin darasin, an rataya labule mai furanni, wani ya kama wurin. Na wuce ta gaban kemis ba tare da na juya ba. Duk hanya ina shirya abin da zan ce wa Baba gobe wajen shayi idan ya miƙo hannu yana jiran waya.

Ashe ba sai gobe ba.

Ana gab da magariba na shiga gida. Talabijin a kashe. Baba yana kujerarsa, tabarau a hannu, Mama tana zaune a gefe ta haɗa tagumi. Na cire mayafina na ɗora a hannun kujera, zan wuce, Baba ya ce, "Zo ki zauna."

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Yaron nan ya kira ni bayan fitowarki," ya ce. "Ya ce amsoshin da kike nuna mini ba na yanzu ba ne, tsofaffi ne. Ya ce ke ba ki sani ba, kada in ga laifinki. Ya ba ni haƙuri." Baba ya juya tabaran a hannunsa. "Sannan ya ce ya sauke mini maganar da na ba shi. Wai kada alkawari ya ɗaure ni."

Mama ta share ido da gefen zanenta. "Ya yi abin da ya dace," ta ce, muryarta a dushe. "Allah ya sani ina tausayinsa. Amma ya yi abin da ya dace."

"Me ka ce masa, Baba?"

"Ban ce masa komai ba. Na ce sai na ji daga bakinki."

Na dubi kafet, na ga inda shayi ya taɓa zuba ya bar tabo.

"Baba, shi ya sauke. Ni ban sauke ba."

"Kin san abin da kike ɗauka?"

"Ban sani ba, Baba. Ba zan yi maka ƙarya in ce na sani ba."

"Har yaushe za ki jira?" Mama ta ce. "Idan kika gama karatu bai warke ba fa? Idan ƙannenki suka yi aure kina nan kina ƙirga masa wake? Ni ce uwarki, dole in tambaya, ko za ki tsane ni."

Na buɗe baki zan amsa, wayata ta yi ƙara a cikin jaka. Na so in ƙyale ta, Baba ya ce in duba. Umma ce.

"'Yata," ta ce, ko sallama babu, "yana tare da ke?"

"A'a, Umma. Ai a falo na bar shi."

"Ya fita. Na ji yana waya, na shiga wanka, na fito ban gan shi ba. Na duba gidan burodi, na duba masallaci, na tambayi maƙwabta. Wani ya ce ya gan shi a tasha ya shiga motar haya." Numfashinta yana sarƙewa. "Wayarsa tana nan a kan tebur."

Motocin hayar garinmu da lamba ake gane su, wacce za ta ina, wacce za ta dawo da kai. Tun da ya bar asibiti bai taɓa fita shi kaɗai ba. Ko lambar wayar mutum ɗaya ba zai iya faɗa wa wani ba idan ya ɓata.

Ban san na miƙe tsaye ba. Falon shiru ne, duk sun ji abin da ta ce. Baba ya riga ya sa tabarau yana laluben mukullin mota a aljihu. Na juya ina neman takalmina, ina neman abin da zan ce wa Mama, don na san yanzu za ta ce in zauna, maza su je.

Ta tashi, ta ɗauko mayafina daga hannun kujera, ta yafa mini da hannunta, ta gyara shi a kafaɗata.

"Ki zauna a gaba kusa da Babanki," ta ce. "Kin fi shi gani, kuma kin san inda yaron nan yake zuwa. Bari in ɗauko nawa."